Jiragen sun bar Agadas, saura a auna mana ƙasa da rijiyoyi

Ranar 5 ga Agusta 2024 sojojin Amurka suka kwashe nasu ya nasu daga sansani na 201 da ke gefen Agadas. Kafin nan, ranar 7 ga Yuli, sun bar na 101 da ke filin jirgin saman Yamai. An yi bikin miƙa makullai, an sa hannu a takardu, an ɗauki hotuna. Wanda ya bi labarin tun daga ranar 16 ga Maris ta wannan shekara, lokacin da Kanar Amadu Abduraman, kakakin gwamnatin sojan Nijar, ya karanta sanarwar soke yarjejeniyar soja da Amurka a talabijin, ya san yadda jama'a suka ji. An yi zanga-zanga a Yamai da Agadas a watan Afrilu ana cewa su tafi, kuma sun tafi. Ni ma ina cikin waɗanda suka ga dacewar hakan, domin baƙon da ya shekara goma a gidanka yana leƙen sararin samaniyarka, alhali kashe-kashe na ƙaruwa a Tilaberi da Tawa, dole wata rana ka tambaye shi amfanin zamansa.

Sai dai duk surutun da aka yi, a kan sama aka yi shi: wa ke tashi, wa yake kallo, wa ake ba bayanan da aka gano. Maganar ƙasar da sansanin ya zauna a kanta, da ruwan da ke ƙarƙashinta, ita ce ta dame ni, kuma ita nake so mu tattauna.

Bari in fara da yi wa jirgin adalci. Jirgi marar matuƙi samfurin MQ-9 da Amurkawa suka riƙa tayarwa daga Agadas tun ƙarshen 2019 ba wani dodon hayaƙi ba ne. Injinsa ɗaya, mai farfela a baya. Fikafikansa sun kai mita 20 daga wannan gefe zuwa wancan, man da yake ɗauka bai kai tan 2 ba, kuma da shi yana iya kwana ya yini a sama. Jirgin yaƙi mai matuƙi yana iya ƙone irin wannan man cikin ɗan lokaci kaɗan, ga ƙara mai firgita dabbobi da fasa kunne. Shi ya sa idan rundunar sojan saman Amurka za ta girke irin waɗannan jirage a wani sansani na cikin gida, rahoton binciken muhalli da take fitarwa yakan ƙare da cewa babu wata babbar illa. In dai jirgin kaɗai za a duba, maganarsu tana da ƙamshin gaskiya.

To amma jirgin da babu matuƙi a cikinsa, akwai ɗaruruwan mutane a ƙarƙashinsa. Sai an share daji an shimfiɗa masa titin sauka, na Agadas ya kusa kilomita 2. Sai an gina rumfunan ajiye shi, da ma'ajiyar mai, da ma'ajiyar makamai, da wurin wanki da gyara. Sai an kawo makanikai da masu gadi da masu dafa abinci, kowannensu zai sha, zai yi wanka, zai zaga, zai zubar da shara. Sai janaretoci sun yi ta ruri dare da rana don na'urorin sanyaya ɗaki da na sadarwa. Man da za su sha kuma tankoki ne za su yi ta jigilarsa ta kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Dala miliyan 110 aka kashe wajen ginin sansanin Agadas, ana kuma kashe kamar miliyan 30 kowace shekara wajen tafiyar da shi. Wannan ƙaramin gari ne aka dasa a bakin hamada, garin da abincinsa mai ne da sinadarai.

Kuma duk inda aka ajiye jirage da mai, sai an ajiye 'yan kwana-kwana. Nan ne gizo ke saƙar.

Gobarar man jirgi ba ta jin ruwa. In ka watsa mata ruwa, man ya taso sama ya ci gaba da ci. Don haka tun shekarun 1970 sojojin Amurka ke amfani da wata kumfa ta musamman da ke rufe man kamar bargo ta shaƙe wutar. Kumfar tana aiki ƙwarai, ta ceci rayuka da yawa, ba na musun wannan. Matsalarta ita ce tana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa. Rana ba ta cinye su, ƙasa ba ta narkar da su, tafasa ruwa ba ya kashe su. Suna bin ruwan sama su nutse, su isa ruwan ƙarƙashin ƙasa, su bi shi duk inda ya nufa. Wanda ya sha, suna taruwa a jininsa shekara da shekaru. Dabbar da ta sha, suna fita a nononta, suna zama a namanta. Likitoci sun danganta su da ciwon dajin ƙoda da na maraina, da matsalar maƙoƙo, da raunin garkuwar jiki. A ƙarshen 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ɗaya daga cikinsu, PFOA, a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam. A watan Afrilun 2024, daidai lokacin da muke zanga-zangar a fita, hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa wa manyan biyu daga cikinsu iyaka a ruwan sha: kashi 4 cikin tiriliyan. Ku dubi ƙanƙantar wannan adadi, za ku gane irin tsoron da su kansu suke wa abin.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na sansanin Cannon ne, kusa da garin Clovis a jihar Niyu Meksiko. Sansani ne da ake ajiye irin waɗannan jirage na MQ-9 tare da wasu, a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, inda manoma da makiyaya suka dogara da rijiyoyin burtsatse. A 2018 aka gano cewa kumfar da aka yi shekaru ana fesawa a sansanin ta gangara cikin ruwan ƙasa ta shiga rijiyoyin maƙwabta. Wani mai gonar shanun madara da ke kusa aka hana shi sayar da nono, ya riƙa tatsa yana zubarwa kullum. Naman ma ba mai saye. Daga ƙarshe shanu sama da 3,600 aka kashe. Gwamnatin jihar ta maka rundunar sojan sama a kotu a 2019. Duk wanda ya taɓa ganin Bafillace ko Buzu ya rasa garkensa a shekarar fari ya san abin da wannan ke nufi. Na ga dattijon da fari ya cinye wa shanu yana zaune a bakin kasuwa, ba ya roƙo, ba ya magana, idonsa kawai a ƙasa. Shi aƙalla ya ga farin da idonsa, ya san abin da ya same shi. Wannan guba kuwa ba ta da launi, ba ta da wari, saniya tana ƙiba tana sheƙi alhali nononta ya lalace.

Kuma ba Cannon kaɗai ba. Ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta lissafa wurare sama da 700 nata da ke buƙatar bincike kan waɗannan sinadarai. A tsibirin Okinawa na Japan, a 2016 hukumar ruwa ta gano su a kogunan da ke kusa da sansanin Kadena, waɗanda ake ɗibar ruwan shan jama'a daga cikinsu, kuma jami'an yankin sun yi ta neman izinin shiga sansanin su ɗebi samfuri ana ja musu rai. Japan ke nan, mai kuɗi da masana da kotuna masu ƙarfi.

Mai kare Amurkawa zai ce sansanin Agadas sabo ne, shekara biyar kacal ya yi yana aiki, kuma tun wajen 2016 sojojinsu suka rage fesa kumfar a wajen atisaye, suka kuma canza zuwa wani sabon samfuri. Haka ne, kuma wannan dalili ne na kyautata zato. Amma sabon samfurin ma ɗan gidan PFAS ne, kuma wa'adin da majalisar dokokin Amurka ta ba sojoji su daina amfani da kumfar gaba ɗaya shi ne Oktoban 2024, wato bayan sun riga sun bar Nijar. Kyautata zato ba ya wanke rijiya. Abin da ke kwantar da hankali shi ne a ɗebi ruwa a kai ɗakin gwaji, a dawo da takarda. In ta fito tsaf, alhamdu lillahi, kowa ya huta. In ta fito da matsala, gara a sani yanzu da ake iya tare abin, kafin ya yi nisa.

Dalilin da ya sa na matsa a kan Agadas shi ne yanayin wurin. Ruwan saman da garin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba. Rayuwar mutane da raƙuma da awaki da lambuna duk a kan ruwan ƙasa take, wanda koramun da ke gangarowa daga duwatsun Abzin, irin su Telwa, ke ɗan ciyarwa a 'yan makonnin damina. Albasar da ake lodawa zuwa kudu, da tumatir da sauran kayan lambu, da wannan ruwan ake noma su. Mutumin Gaya ko na Yawuri in rijiyarsa ta ɓaci yana da kogin Kwara. Mutumin Agadas ina zai nufa? Kuma ruwan hamada in ya zo, da ƙarfi yake zuwa. Waɗanda suka ga ambaliyar farkon Satumban 2009 ba su manta yadda ta rushe gidaje a garin ba. Irin wannan ruwa yana kwashe duk abin da ya tarar a doron ƙasa, tsohon mai ne ko tokar juji ko sauran kumfa, ya kai shi inda shingen waya bai isa ya hana ba. Sansanin kuwa 'yan kilomitoci ne kawai daga tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, garin masallacin nan mai hasumiyar ƙasa da ya haura shekara 500.

Mutanen wannan jiha ba baƙi ba ne ga irin wannan gado. Arlit na nan. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a can, kuma da kamfanin Cominak ya rufe a ƙarshen Maris 2021, ya bar tarin dusar ma'adini mai tururin guba da aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 20 a kusa da gari. Shekaru nawa Almustafa Alhasan da ƙungiyarsa ta Aghirin'man suka yi suna kuka kan ruwa da ƙura da ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa kafin a saurare su? Da an auna tun farko, an kuma riƙa faɗa wa mutane gaskiya, da ba a kai inda aka kai ba. Jihar da ta sha wannan ɗaci bai kamata a ce mata ta yi shiru ta yarda da baki kawai ba.

Akwai kuma wani rashin adalci da ke cikin dokar kanta, wanda ya fi komai ƙona mini rai. A Amurka akwai dokar muhalli da aka sa wa hannu ranar 1 ga Janairu 1970. A ƙarƙashinta, kafin soja su girke sababbin jirage a wani sansani, sai sun rubuta abin da hakan zai yi wa iska da ruwa da tsuntsaye da kunnuwan maƙwabta, su buga, su ba jama'a kwanaki su karanta su yi ƙorafi. Manomin da ke kusa da sansanin yana iya zuwa ɗakin karatu na garinsu ya buɗe rahoton, in bai gamsu ba ya tafi kotu. Da zarar an ƙetare teku, wannan haƙƙi ya faɗi. Ayyukan gwamnatin Amurka a ƙasashen waje wani umarnin shugaban ƙasa na 1979 ke kula da su, mai cike da togaciya, wanda bai wajabta a saurari mutanen wurin ba. Wato jirgi ɗaya, mai ɗaya, kumfa ɗaya, amma makiyayin Niyu Meksiko yana da bakin magana, na Abzin ba shi da shi. Kuma in sun tashi, tarihi ya nuna ba su cika waiwayowa ba. Da suka bar sansanonin Clark da Subic a Filifin a 1991 da 1992, ofishin binciken kuɗi na majalisarsu ya tabbatar da akwai gurɓata, amma gwamnatinsu ta ce yarjejeniyar ba ta ɗora mata nauyin sharewa ba. Iyalan da aman wutar dutsen Pinatubo ya kora aka tsugunar a Clark, suka riƙa shan ruwan rijiyoyin wurin, daga baya aka yi ta kukan cututtuka. A Panama ma da suka fita a 1999 sun bar filayen atisaye da harsasai da bama-baman da ba su fashe ba.

Ban ɗora laifin duka a kan baƙo ba. Wanda ya ba da masauki shi ya kamata ya gindaya sharaɗi. Nijar tana da dokar muhalli tun 1998, tana da ta 2018 da ta tsara yadda ake binciken tasirin manyan ayyuka, tana da ofishi na ƙasa da aka ɗora wa wannan aiki. Mai son buɗe ƙaramar masana'anta a Maraɗi ko Damagaram sai an tambaye shi takardar muhalli. Me zai sa filin jiragen yaƙi ya fi ƙarfin tambaya? Da an ce tsaro, sai kowa ya kama bakinsa, kamar an ambaci abin da ba a faɗa. Na yarda akwai sirrin soja. Inda jirgi ya nufa sirri ne, abin da ya hango sirri ne, yawan makaman da ke rumbu sirri ne. Amma abin da ke cikin ruwan da jaririya ke sha a unguwar da ke bayan shinge ba sirrin kowa ba ne, haƙƙin uwarta ne ta sani.

Sai maganar faɗuwa, wadda zan taɓa a gurguje. Waɗannan jirage suna faɗuwa fiye da yadda ake zato. Wani binciken jaridar Washington Post a 2014 ya ƙirga manya sama da 400 na sojan Amurka da suka yi haɗari tun daga 2001. A Jibuti, yawan haɗarin ne ya sa a 2013 aka kwashe su daga sansanin Lemonnier da ke manne da filin jirgin farar hula aka mayar da su Chabelley, can cikin daji. A 2020 wani ya faɗi a yankin Agadas. Inda jirgi ya faɗi akwai mai, akwai batura, akwai ɓaraguzan jikinsa da in sun ƙone ƙurarsu ke cutar da huhu, wani lokaci har da makami. Mu kuma mun san halinmu: kafin jami'ai su iso, yara sun riga sun kewaye wurin, 'yan gwangwan sun fara lissafi. Ko sanarwa a rediyo da Hausa da Tamashek da Fulatanci da Tubanci, cewa kada a taɓa irin wannan tarkace, aiki ne da ba ya cin kuɗi.

Kada kuma mu ɗauka tafiyar Amurkawa ta rufe babin. Jirage marasa matuƙa yanzu suka fara zama a yankinmu. Nijar ta karɓi Bayraktar TB2 daga Turkiyya a 2022. Najeriya ta daɗe da na ƙasar Sin, ɗaya ma ya faɗi a Borno a Janairun 2015, ta kuma ƙara da wasu. An girke na Amurka a Garwa ta Kamaru a 2015, an tayar da su daga Njamena a 2014 lokacin neman 'yan matan Chibok. Rashawa sun sauka a Yamai a Afrilun 2024. Kowace runduna da ke da titin jirgi tana da rumbun mai da motar kashe gobara, kuma ƙasa ba ta tambayar tutar wanda ya zubar mata da guba. In mun yi wa baƙo tsawa kan ikon ƙasa, sannan namu sojojin suka ci gaba da aiki a wurin babu awo babu bayani, to mun canza mai gadi ne kawai. 'Yan'uwanmu na Najeriya da ke zaune kusa da sansanonin Kaduna da Maiduguri da Katsina su ma maganar ta shafe su, kuma suna da dokar binciken muhalli tun 1992 da za su iya riƙewa.

Na san akwai wanda zai ce mutane na mutuwa a hannun 'yan ta'adda kullum, kai kana maganar kumfa. Ina jin nauyin wannan magana, domin babu gidan da wannan masifa ba ta taɓa ba, ko ta kusa ko ta nesa. Amma awon ruwa ba ya hana jirgi tashi. Ba a ce a rufe sansani ba, ba a ce a sauke ko jirgi ɗaya ba. Sojan da ke kwana a sansanin shi ne ma farkon mai shan ruwan wurin, shi ke shaƙar hayaƙin juji in ana ƙona shara a fili. Amurka sai da tsofaffin sojojinta suka yi shekaru suna fama da ciwon huhu da daji saboda ramukan ƙona shara na Iraƙi da Afganistan, kafin a 2022 ta yi dokar kula da su. Sojanmu da ya gaji wannan wuri, ɗan wani ne, mijin wata ne, kuma ba shi da irin wannan doka a bayansa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin hukuma ba. Sansanin yana hannun sojojin Nijar yanzu, babu wani baƙo da zai hana shiga. A tura ma'aikatan muhalli da na ruwa, tare da malaman Jami'ar Agadas da na Jami'ar Abdu Mumuni, su ɗebi ƙasa a wurin ajiyar mai, da wurin da motocin kashe gobara ke tsayawa, da inda ake zubar da shara da ruwan ƙazanta. Su ɗebi ruwa a rijiyoyin cikin sansanin da na unguwanni da lambuna da mashayar dabbobi da ke kewaye, musamman ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa. A tuna cewa gwajin da aka saba yi wa rijiya, na ƙwayoyin cuta da gishiri, ba ya gano PFAS, sai an aika samfurin ɗakin gwaji mai na'urar da ke iya ganin kashi cikin tiriliyan, kuma kuɗin hakan ba mai yawa ba ne. A nemi Amurka a rubuce ta miƙa bayanan abin da ta ajiye da abin da ya taɓa zubewa a shekarun zamanta, domin sojojinta mutane ne masu rubuta komai. A yi haka a Yamai, inda Faransawa ma suka zauna har Disamban 2023, a yi a filin jirgin saman Dirku da ke arewa maso gabas. Kuma duk wata sabuwar yarjejeniya da za a ƙulla da kowace ƙasa, a rubuta a ciki cewa za a auna wurin ranar shiga, a auna ranar fita, wanda ya ɓata shi zai gyara da kuɗinsa.

Sakamakon kuma kada a kulle shi a durowar wani ofishi a Yamai. A kai shi fadar Sarkin Abzin, a tara masu unguwanni da shugabannin makiyaya da masu lambu, a karanta musu da harshen da suke ji, rijiya bayan rijiya, kowace da sunanta da abin da aka samu a cikinta.